Layin Da Injiniya Ya Goge

A gida Injiniya ake ce masa, ko da yake aikinsa bai wuce gyaran kwamfutocin ofis da yi musu tsaki ba. Ranar da mahaifinsu, tsohon direban babbar mota, ya yarda a ɗauki muryarsa yana ba da labarin rayuwarsa, Injiniya ya ce wayar hannu ta yi wa wannan aiki kaɗan. Akwai wata manhajar ɗaukar murya ta kyauta, wadda masu ita suka baje rubutunta a intanet, kowa ya sauke ya haɗa da kansa. Ita yake so.

Haɗawar ce ta ƙi. Komfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun ya zama abin aiki, sai ta yi nisa ta tsaya cak, ta zubo masa jan rubutu. Ya sauke abin da ta ce babu, ta kawo wani ƙorafin. A ƙarshe ta kafe a kan layi guda.

Baba kuwa yana falo, ya sha wanka kamar mai zuwa ɗaukar hoto.

"Auta, injin naka bai tashi ba ne? Ko in zo in tura?"

"Saura kaɗan, Baba."

Injiniya bai iya jure a ga gazawarsa ba, balle a gaban tsoho. Ko tsayawa ya duba aikin da layin yake yi bai yi ba, ya goge shi. Komfaila ta wuce sumul, ya yi miƙa yana jin kansa gwani.

Baba ya yi ta zuba har rana ta karkata. Ya yi dariya, wani wuri ya share hawaye. A kan allo alamar sauti na ta hawa da sauka, shi kuma Injiniya yana ta amsa saƙonnin ofis a waya, yana gyaɗa kai. Meye na kasa kunne, tunda komai na shiga kwamfuta? Da aka gama ya rufe ta, bai saurari ko kaɗan daga abin da aka ɗauka ba.

Bayan 'yan makonni ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ɗauke. Yayarsu ta kira shi daga asibiti.

"Likita ya ce idan Baba ya ji muryar kansa zai iya taimaka masa. Zo da kwamfutar."

A barandar asibiti ya buɗe fayil ɗin. Ga suna, ga kwanan wata, amma ciki wayam. Ya koma ya duba rubutun manhajar. Layin da ya goge shi ne mai zuba sautin a cikin fayil. Kuma babu wanda zai ɗora wa laifi.

Da ya shiga ɗakin, idon Baba na kan jakar da ke kafaɗarsa. Injiniya ya faɗa wa Yaya abin da ya faru a hankali. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

"To, ai kana wurin," ta ce. "Zauna ka ba mu da bakinka. Fara da yadda ya haɗu da Mama, ni ban taɓa ji ba."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da gadon. Baba ya juyo da kai da ƙyar, yana jira. Injiniya ya lalubi ƙwaƙwalwarsa kaf, abin da ya samu kawai shi ne a wani wuri an ambaci wata gada.