Ɗanyar Aduwa

Ni Badaru manomi ne ɗan manomi, ban gaji sassaƙa ba. Shekara ta biyu da kafa bariki a Dakoro, da kaka, na kai gero can, sai na hangi wani mashin yashe bayan bargar dawaki. Tsatsa ta cinye shi, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Tafintan bariki ya ce wani Nasara ne ya zo da shi daga Maradi. Ana taka shi da ƙafa, itace ya riƙa juyawa, kai kuma ka kara mashi ƙarfe yana fiƙewa. Wallahi tun a nan abin ya shiga raina.

Tafinta ya kai maganata gun kumandan, Nasaran da ke mulkin bariki. Kumandan ya yi dariya, ya ce in na tashe shi, na yi mashi ƙafafun tabur na rubutu huɗu masu kyau, mashin ya zama nawa. In na kasa, a ba wani.

Wata biyar na yi a kansa. Na goge tsatsa da rairayi da man gyaɗa har fatar hannuna ta saɓule. Maƙeri Attaher ya ƙera mani sabon mataki da ƙarafan fiƙa guda uku. Igiyar da ke juya shi kuwa, fatar bijimi na jeme na yanka, sau huɗu tana tsinkewa. Matata Balkisu ta ce na yi sabon aure da ƙarfe. Ranar da ya fara juyawa, sassaƙe na tashi yana zuba a ƙirjina, na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Abu ɗaya ne ban sani ba, itace. Sai na tafi gun Abarci, taubashina, masassaƙin turmi da akushi da duk Rumbu, garinmu, ta sani. Tare muka tashi, akushi ɗaya muka ci.

"Kai bawana, mai hauya ya koma mai fiƙa?" in ji shi. "To saro aduwa ɗanya shar. Tana yankuwa kamar kabewa."

Gaskiya ya faɗa, ta yanku sumul. Cikin kwana uku na fidda ƙafafu huɗu, kowace da wuya da ciki kamar tulu. Kumandan ya shafa, ya kaɗa kai, aka kafa masu katako.

Bazara ce. Kwana tara sai ga gardi, dogarin kumandan, a ƙofar gidana, ya tasa ni gaba har bariki. Na tarar da tabur ya karkace, takardun kumandan a ƙasa, tawada ta ɓare a kansu. Kowace ƙafa ta tsage tun daga sama har ƙasa, yatsa na shiga. Ashe ɗanyen itace in ya sha zafi haka yake yi. Kowane masassaƙi ya san wannan, ni kaɗai ne jakin da bai sani ba. Kumandan bai ko dube ni ba. Ya ce a ɗauke mashin a kai wa wanda ya san itace. Aka kai wa Abarci.

Duk da haka ban zargi Abarci ba. Na ce mantuwa ce, ɗan Adam ne. Har na tafi gidansa in nuna mashi yadda ake ɗaure igiyar, kada ya ɓata mani ita.

Na same shi a rumfa, mashin ɗina a gabansa. Gefe guda ga gumagumai na aduwa an jera a inuwa, an shafe bakunansu da kashin shanu don kada su tsage. An yanke su daidai tsawon ƙafar tabur. Na ɗaga ɗaya, ba nauyi. Na ƙwanƙwasa, ya yi ƙara ƙwal, ya bushe ƙamas.

"Abarci, yaushe ka saro waɗannan?"

Ya ci gaba da wasa ƙarfe, ƙarfen da Attaher ya ƙera mani.

"Tun kaka," ya ce.

Tun kaka! Ina can ina goge tsatsa hannuna na jini, shi yana nan yana shanya itacensa yana jirana in gama mashi aiki.

"Haba taubashi, kada ka ɓata rai," in ji shi. "Zo ka taka mani, ƙafata ba ta saba ba."

Na so in tofa mashi yawu. Amma ya ɗora ƙafa ya taka a karkace, igiyar ta fara kuka za ta tsinke. Ban san sanda na ture shi na hau matakin ba.