Famfon da ke Cizo a Gidan Nyokabi

Tun shekaranjiya famfon banɗakin Nyokabi yake cizo. Da ta taɓa shi sai ta ji zirr har gwiwar hannu. Mijinta Mureithi, sarkin sanin komai, ya ce ai sabulu ne. Ita dai hankalinta ya ƙi kwanciya, don 'yarta Wanja kullum a ƙarƙashin shayar nan mai ɗumama ruwa da lantarki take wanka. Ta ɗauki salula ta kira yayanta Gathogo, mai gyaran wuta a garin Nakuru.

"Maman Wanja, makunnin tsaron da na sa muku bai yanke wutar ba?"

"Ya ishe mu da yankewa, yaya. Baban Wanja ya zagaye shi da guntuwar waya."

"Kai! Mai gadi ya yi ihu, kun toshe masa baki! Wutar da ta shiga gida ita za ta dawo cif. In ta ragu, to tana yoyo a wani wuri, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Wayar ƙasa fa? Mai kore da ruwan ɗorawa, wadda muka binne ƙarfenta da gawayi da gishiri?"

Ta zagaya bayan gida. An guntule wayar, an ɗaure ƙofar akurkin kaji da ita. Ta faɗa wa yayanta.

"Ta nan wuta ke shigewa ƙasa in ta ɓalle," in ji Gathogo. "In babu ita, jikin mutum take bi. Kada kowa ya yi wanka sai na zo."

Bai rufe baki ba ta ji zubar ruwa. Ashe Wanja ta dawo daga makaranta.

"Wanja, fito!"

Ƙarar ruwa ta hana yarinyar ji, ga sakata ta ciki. Nyokabi ta ruga akwatin mita, ta tarar da kwaɗo, makulli kuma yana aljihun Mureithi. Ta suri fartanya ta yi ta saran kwaɗon har ya fita. Ta danne babban makunni.

"Wanja?"

Shiru, sai ruwa ke zuba. Ta ruga ƙofar banɗakin.

"Mama, wa ya kashe wuta? Ga sabulu a idona, ruwan kamar ƙanƙara!"

Nyokabi ta zauna daɓas a bakin ƙofa, hawaye na zuba.

"Ɗauraye da sanyin, uwata. Ina nan."