An Rufe wa Adaugo Layi

A asibitin kuɗi na Oga Nwabueze da ke Rikkos akwai wata al'ada da ba wanda ya taɓa zama ya tsara ta. Duk ranar da gari ya yi tsami, wanda ya samu isowa shi yake riƙe wa wanda ya maƙale a gida aikinsa. Adaugo, mai shigar da sakamakon gwajin jini a kwamfuta, daga Anguwan Rukuba take zuwa. Balaraba ta ɗakin kati kuwa daga Anguwan Rogo. In hanya ta yanke wa ɗaya, ɗayar sai ta kinkimi laftof ɗinta ta koma teburin ƙawarta, ta soka wayar kwamfuta a ramin bango, aiki ya ci gaba. Juma'a da Lahadi ma haka suke yi, kuma ba majiyyacin da ya taɓa kokawa.

Ana nan sai Oga ya je wani taro ya dawo da sabon karatu, wai tsaro. Ya kira Sharafaddeen, mai kula da kwamfutocin asibitin kuma ƙanen Balaraba ciki ɗaya, ya ce daga yau kowane rami ya san mai shi.

Ba sai an ɓoye ba, abin ya yi wa Sharafaddeen daɗi. Ya daɗe hannunsa na ƙaiƙayin irin wannan aiki. Ya shige ɗan ɗakin da suwici yake, wato akwatin da duk wayoyin bango suke haɗuwa a cikinsa, ya duƙufa. Ya saita shi yadda duk wanda ya soka waya sai an tambaye shi suna da kalmar sirri. Suwici ya miƙa wa saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da sunayen ma'aikata, saba ta duba ko an yarda da mutumin a wannan layi. In ta yarda, fitila ta yi kore. In ba ta yarda ba, ko shugaban ƙasa ne sai dai ya zauna yana kallon bango. Ya ware wa ɗakin gwaji layinsa daban, ɗakin kati daban, ko gaisawa ba sa yi.

Sai da ya kusa gamawa matan nan biyu suka faɗo masa a rai.

"Oga, a bar ɗan sarari mana," ya ce. "A ba Yaya Balaraba izinin layin gwaji, saboda ranar da Madam Ada ba ta samu fitowa ba."

"Sarari na mene? Shi ya lalata min ma'aikata. Kowa ya zo aikinsa. Rufe!"

Ya rufe. Ƙara sunan yayarsa a ɓoye bai fi masa shan ruwa wuya ba, kuma Oga bai san gaban akwatin nan da bayansa ba. Amma aikin ya fito tsaf, Sharafaddeen bai so ya ɓata shi.

Ba a jima ba wata safiya aka tashi da jita-jitar faɗa a wata mahaɗa. Masu keke mai ƙafa uku suka ce ko nawa za a ba su ba za su tsallaka ba. Adaugo ta kira Balaraba, kamar kullum. Balaraba ta ɗauki laftof ta zauna a teburin gwaji, ta soka waya. Shiru. Ta zare, ta hura, ta mayar, har yanzu shiru, ga mutane sun cika benci suna jiran sakamako.

"Kai Sharafa, me ka yi wa bangon nan?"

Ya ruga wajen Oga. Oga ya ce mai aikin ta zo ta yi aikinta. Ranar haka aka yi ta yawo da takardu daga ɗaki zuwa ɗaki, likita na tsaki, wasu majiyyata suka gaji suka kama gabansu. A da, ko Adaugo ba ta zo ba, Oga ba ya ganewa, don aiki ba ya tsayawa. Yanzu kuwa kujerarta ta yi ta shelar cewa babu kowa a kanta.

Da gari ya lafa Adaugo ta dawo, Oga bai bari ta ajiye jaka ba ya sallame ta. Tun da safe ma ya riga ya sa Sharafaddeen ya cire sunanta daga saba, kuma ya cire.

Ba ta yi kuka ba. Ta je teburinta ta soka waya, don akwai hotunan ɗanta da ta adana a wajen ajiyar aikinta. Fitila ta ƙi yin kore.

"Sharafa, abeg, buɗe min kaɗan," ta ce. "Hoton baftisma na Kamsi yana ciki. Zan kwashe kawai in tafi."

Oga na tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu. Sharafaddeen ya ji kunya ta kama shi har ƙafa, ga haushin kansa.

"Madam Ada, na'ura ce. Ba yadda zan yi."

Ta dube shi, ta gyaɗa kai, ta naɗe wayarta a hankali.

"Ba komai, ƙanina. Ka gaida matarka Ummi. Allah ya sauke ta lafiya."

Ta fita. Oga ya koma ofishinsa. Balaraba ta tattara katunan da ke gabanta, ta zo wucewa ta gefen ƙanenta, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Na'ura ce ko?" ta ce. "To wa ya koya mata?"