Inda Jeylan Take Tsayawa

Binali bai taɓa cewa goɗiyarsa tana da hankali ba. Ya daɗe yana kallon ƙeyarta daga kan amalanken ƙanƙara, kuma abin da ya gano bai wuce biyu ba: tana son sukari, ba ta son aiki. Matarsa Guluzar ta ce dabba ba ta rasa inda ta gado hali.

Mahaifinsu ya rasu ya bar wa 'ya'yansa biyu gida da amalanke da goɗiyar nan, Jeylan. Gida an raba shi da bango. Goɗiya ba ta rabuwa, don haka aka yi adalci irin na 'yan'uwa: Binali ke ba ta ci yana kwashe mata kashi, yayansa Hanifi kuma ke da ta cewa a kanta.

Da zarar tafkin Childir ya daskare, baƙi kan cika jirgin ƙasa daga Ankara zuwa Kars, a kwaso su a mota zuwa bakin ruwa. Su hau amalanke a zaga da su, su kwanta rub da ciki a kan ƙanƙara ana ɗaukarsu hoto, abin da in ɗan gari ya yi sai an kira liman ya tofa masa addu'a. Da wannan Binali yake cin abinci duk lokacin sanyi.

Bana Hanifi ya sayo babur ɗin ƙanƙara, ja wur, mai ƙarar da ke tayar da karnukan ƙauye uku.

"Ran Juma'a dillali zai zo daga Ardahan ya tafi da tsohuwar nan," ya ce.

"Yaya, ta Baba ce fa."

"Baba ma da yana nan da ya gaji da ita. Baƙo yana son gudu. Kai kuma kana zagawa da shi kamar kun ɗauko gawa."

Binali bai tambayi inda dillali ke kai tsofaffin dawaki ba. Ya sani. Ya shiga barga ya tsaya yana kallonta, yana jiran ya ji wani abu mai nauyi da zai faɗa mata. Ita kuwa ta cusa hanci a aljihunsa, ta tarar babu komai, ta juya masa baya.

Laifin wannan hali na Shahmettin mai shayi ne. Shi ke kafa murhun ƙarfe a kan katakai a bisa tafkin, daidai inda amalanke ke juyowa, ba nisa da gaɓa. Mutanen nan ba sa zuba sukari a shayi. Ƙwaya mai tauri suke dasawa a kumatu su riƙa kurɓa ta kanta. Wata rana can baya Shahmettin ya miƙa wa Jeylan ƙwaya ɗaya don wasa. Tun daga ranar, in ta zo wurin sai ta ja birki, ɗan nesa da murhu don ba ta son hayaƙi, kuma ko za a yanka ta ba ta ɗaga kofato sai ya tako ya ba ta rabonta. Baƙi kan ɗauka tsari ne, su sauka su sha shayi. Kowa ya amfana, ba wanda ya yi magana.

Ana gobe Juma'a, Shahmettin ya zo da sassafe ya ga ruwa na tsattsafowa ƙarƙashin katakansa. Zafin murhu ya yi makonni yana cin ƙanƙarar a hankali. Ya tattara kayansa ya koma gaɓa. Dokar tafki ɗaya ce, kowa ya san ta: wanda ya bar rami ko wuri mai rauni ya kafa sanda da tsumma a kai. Shahmettin ya tanadi sandar. Amma itacensa ya jiƙe, baƙi sun fara isowa, sai ya karya ta ya hura wuta, da niyyar in an jima ya nemo wata. Dusar ƙanƙara ta ɗan yayyafa ta shafe wurin tas.

Binali bai san an yi ba. Ya ɗauko wasu mata biyu 'yan Izmir, ya lulluɓa musu bargo a gwiwa, ƙararrawa na kaɗawa. Da suka iso wurin da aka saba, Jeylan ta tsaya cak. Babu murhu, babu Shahmettin, sai fari fat ko'ina.

"Kawu, lafiya?" in ji ɗaya daga cikin matan.

"Tana tunani ne, 'yata."

Ya kaɗa linzami. Ya yi mata tsaki. Ya sauka ya raɗa mata a kunne cewa gobe ne fa, ta rufa wa kanta asiri. Jeylan ta kafa ido inda murhu yake a da, tana jiran haƙƙinta.

Sai ga ƙarar babur daga baya. Hanifi ne, gashin baki ya yi fari da sanyi.

"Ka gani ko? Ka gani da idonka?" ya ɗaga murya. "'Yan mata, ku sauko ku ga yadda ake tafiya!"

Ya murɗa, ya kewaye amalanken da yanga, ya miƙe ta gabansu. Ƙanƙara ta yi ƙara kamar an fasa tulu. Babur ya dulmiya da ka, Hanifi ya bi shi har ƙirji. Allah ya taimaka wurin ba zurfi.

"Binali! Ɗan uwana! Igiya!"

Rabon da ya kira shi ɗan uwa tun ranar rabon gado. Binali ya jefa masa igiya, ya ɗaura ɗaya bakin a amalanke, ya ja kan Jeylan don ta juya. Ta ƙi. Mutane suka sheƙo daga gaɓa, Shahmettin a gaba, fuskarsa ta fi ƙanƙarar fari. Da ya iso kusa da goɗiyar, hannunsa ya shiga aljihu da kansa, don sabo, ya fito da ƙwayar sukari. Ta karɓa, ta taune, ta juya, ta fizgo Hanifi waje kamar buhun dankali. Idon kowa na kan Hanifi.

"Ta ji ƙanshin ruwan!" in ji 'yar Izmir, wayarta a sama. "Wallahi ta sani! Da yanzu mu ne a ciki!"

Kafin la'asar labari ya zaga tafki. Wani tsoho ya ce dama kakar goɗiyar haka take. Hanifi na zaune gaban murhu cikin barguna, haƙora na kaɗawa.

"Baba ya sha faɗa mini dabbar nan ba banza ba ce," ya ce. Baba bai taɓa faɗa ba. "Wa ya bar wurin nan ba sanda?"

Shahmettin ya duƙufa yana goge kofin da ya riga ya goge. Ya saci kallon Binali, Binali ya saci kallonsa.

"Iska, Yaya," in ji Binali. "Ka san iskar tafkin nan."

Ran Juma'a dillali ya zo, aka ba shi shayi da soyayyen kifi, ya koma da motarsa wayam.

Sai dai suna yana da nasa nauyin. Yanzu duk inda Jeylan ta tsaya, tafki gaba ɗaya sai ya tsaya. Masu amalanke su juya, masunta su janye, baƙi su rungume juna suna kiran iyayensu. Ita kuma ta gane cewa tsayuwa na biya, ta ƙara wurare. Dole Binali ya riƙa cika aljihu tun daga gida, yana tura mata a ɓoye kamar mai gyara linzami.

"Baban Nazife," in ji Guluzar wata safiya, ta kira Binali da sunan 'yarsu tana girgiza gwangwani, "sukarin gidan nan ƙafa gare shi?"

"Sanyi ne. Yana sa komai ya tsuke."

Ta dube shi, ta dubi aljihunsa da ya kumbura, ta ajiye masa shayi ba ƙwaya ko ɗaya a gefe. Ya kurɓa haka nan, da ɗacinsa. A wurin Shahmettin ma haka yake sha yanzu, ƙwayar da aka ba shi aljihu take wucewa. In an tambaya, ya ce likita ne ya hana shi.