Agogon Jinin Dada

Ranar wata Talata ce cikin Afrilu, ana zafin Jimeta irin wanda kwalta ke kama takalmi, Safiyatu ta kai mahaifiyarta Dada Fadimatu asibitin unguwa. Wata ƙungiya ce ke raba wa tsofaffi agogon hannu mai auna hawan jini. Sista Keturah, ma'aikaciyar jinyar ƙungiyar, ta ɗaura wa Dada nata.

"Dada, wannan agogon ba ya rufa asiri," in ji ta tana dariya. "Jininki na hawa zai gaya wa waya, waya ta gaya min. Kafin ciwo ya kayar da ke mun tare shi."

Babbar waya ɗaya ce a gidan, ta Umair, mijin Safiyatu. Da ita aka haɗa agogon.

Shekara uku ke nan Dada na zaune gidan surukinta a unguwar Gwadabawa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko ruwa ba ta sha a gabansa. Yanzu kuwa kusan kullum sai Sista ta kira Umair, shi kuma ya durƙusa a bakin ƙofarta, kai a ƙasa.

"Dada, wai an sha magani? Wai kuma... fitsari na fita sosai?"

Dada ta juya fuska bango. Yana tafiya ta kira 'yarta.

"Cire min munafukin nan. Surukina ne zai riƙa tambayata fitsari?"

"Dada, in an cire za su gani, su sake kira."

"To ke ki ɗaura shi. Jinin jikinki ba ni na ba ki ba?"

Kwana biyu Safiyatu na roƙo, Dada ta ƙi cin abinci. A na uku Safiyatu ta ɗaura shi can saman hannunta, riga ta rufe.

Kira ya tsaya. Umair ya ji daɗi, bai tambayi dalili ba. Bayan wata biyu Sista ta aiko saƙo: "Madalla, Dada ta koma budurwa! A rage ƙwaya zuwa rabi." Aka rage. Kowace safiya Safiyatu kan ce yau za ta faɗa, sai ta ga Dada na ta hira a tsakar gida, ta bar shi sai gobe.

Cikin Agusta, Dada na dama fura da hantsi, ludayi ya suɓuce mata. Bakinta ya karkace.

A asibiti Sista ta yi ta duban wayarta. "Ban gane ba. Yanzu haka yana nuna min lafiya lau take." Ta ɗaga hannun Dada, wayam. Sai ta dubi Safiyatu.

"Adda, ɗage hannun rigarki."

Safiyatu ta ɗage.

Dada ta rayu. Ta rasa hannun dama, ƙafar dama, da magana. Sista ta rasa aikin ƙungiyar. Aka janye agogo arba'in da ɗaya daga unguwar.