Takunkumin Likita

Mura ce ta tona wa Sakatariya asiri, kuma murar ma ba tata ba, ta Likita.

Da safe ya shigo ɗakin gwajin kunne da takunkumi a fuska, yana ta atishawa. Sakatariya na ganinsa ta san yau akwai matsala. Aikinta shi ne Likita ya karanto sakamakon gwaji, ita kuma ta shigar a kwamfuta, inda suke tara bayanan masu ciwon jijiyar kunne domin bincike. Masu ciwon nan suna jin sauti sarai, maganar ce take iso musu a dagule, kamar rediyon da bai kama tasha ba. Ita kuwa ta sani, don ita ma ciwon take ɓoyewa, tun bara leɓen Likita take karantawa. Da aikin nan take riƙe da mahaifiyarta, kuma wa zai bar mai irin kunnenta a kujerar sauraro?

Aka gama gwada wani tsohon direba. Likita ya dubi na'ura ya yi magana. Takunkumin ya motsa, fanka tana ta ƙugi a sama.

"Na'am, Likita?"

Ya maimaita. Wallahi ko kalma ɗaya ba ta tsinta ba.

Tana iya cankar wata lamba ta rubuta, wa zai gane? To amma da lambar nan za a yanke wa bawan Allah hukuncin kunnensa. Ta yi tsuru-tsuru. Tsoro ya kama ta ƙwarai.

Direban ya daɗe yana kallonta. Can ya nisa ya ce, "Ranka ya daɗe, cire ƙyallen nan mana. 'Yar nan tawa ma bakinka take nema, kamar ni."

Ranar wanka dai ba a ɓoye cibi. Ta sunkuyar da kai tana jiran a ce ta tattara nata ya nata.

Likita ya kashe fankar. Ya jawo kujera gabanta, ya sauke takunkumin, ya fuskance ta sosai yadda yake yi wa marasa lafiya. A hankali ya yi mata tambayar farko da ake yi wa kowa.

"Tun yaushe?"

Kafin ta buɗe baki, yatsunta da suka saba sun riga sun buɗe sabon shafin mara lafiya a kwamfuta.