Irin Cikawar Malam

…to ta ina ma Sharafaddeen zai fara? Ga Inna tana dama fura, ga ƙanensa Nu'man ya dawo daga Konni ya jingine babur, yana haki kamar wanda ya ɗauko babur ɗin a ka. Daga ƙofar gida zuwa ɗakin Inna fa. Yaron da bai kai talatin da biyar ba!

Ƙwayoyin maganinsa suna aljihu, yana jin su a cinyarsa. Ɗaya kullum, har ƙarshen rai — haka likita ta ce a Sakkwato. Kitse ne ya yi yawa a jini, yana toshe hanyoyin zuciya. Ba cin nama ba ne kawai, in ji ta, gado ne. Duk wanda kuka haɗa uba, ka turo shi a auna jininsa tun da wuri. Sai ta ɗago kai: mahaifinka fa, me ya kashe shi?

Me ya kashe shi! Ji wata tambaya. Kaf Illela wa ya taɓa cewa wani abu ya kashe Malam? Malam cikawa ya yi, cikin sujada, yana jan sallar La'asar. Mutane na jiran kabbara, shiru… shiru… Shi Sharafaddeen yana sahun farko, shi ya taɓa kafaɗar Malam, da ɗuminta. Kaka Liman kuwa a kan buzu, da carbi a hannu. Baffa Hamidu yana tsakar alwala. Ba jinya, ba kwanciya, babu wanda aka taɓa juyawa a shimfiɗa. Gidan da mala'ikan mutuwa ke shiga da ladabi, in ji mutane. Daga Araba, daga Garu, har daga tsallaken iyaka ana kawo yara makarantar allon gidan nan saboda wannan labarin.

Yanzu shi ne zai buɗe baki ya ce kitse ne?

Inna… kullum sai ta ba da labarin, kullum fuskarta sai ta yi haske. Da shi take tashi, da shi take kwana. Ya ƙwace mata, ya ba ta me a madadinsa? Kwalin magani? Kai, wannan ba ɗa ba ne, mugu ne.

Amma Nu'man. Dubi yadda yake murza ƙirji da tafin hannu, yana zuba man shanu a ɗumame. Ran nan ma ya faɗa da bakinsa, har da dariya: «Yaya, nan wurin na riƙe ni in na hau tudu. Ko gadon gida ne?» Dariya fa! Da 'yarsa Afnan a kafaɗa, ko yaye ba a yi mata ba. Ita ma, wai, tana iya ɗauka. 'Yar'uwarsu Ummu Kulthum da ke aure a Garu, ita ma. Su nawa ne? Tsoro yake ji, wallahi tsoro, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka kwantar da shi aka liƙa masa wayoyi a ƙirji.

Ajali ba ya jira, gaskiya ne. Amma shi da kansa yake koya wa yara cewa ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. To in ya faɗa, Nu'man ya ce alhamdulillahi, ya ƙi zuwa awon jinin? In bai faɗa ba, gobe a ce wani ma ya yi kyakkyawan ƙarshe, a zo ana yi masa barka a zaman makoki — shi ya amsa da wane baki?

Yanzu. Bari ta ajiye ludayin. Ya gyara murya, ya sa hannu a aljihu…

Inna ta miƙo masa ƙwarya, ta dube su su biyu, idonta ya cika da so.

«Allah shi yi muku albarka. Allah shi ba ku irin cikawar Malam.»

«Amin, Inna!» in ji Nu'man, baki cike.

Ita kuwa ba ta sauke hannu ba. Shi take kallo. Amin ɗinsa take jira.